Mace Ba Ta Ɗaukar Soro

Isa, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina, Malam Kalilu Magini,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan kana lafiya, idanun kuma sun yi sauƙi, da fatan Yaya Abdurra'uf da iyalinsa duk suna ƙalau. Ni ma lafiyata lau, sai dai rana ta mayar da ni kamar gindin tukunya.

Na zaɓi rubutu ne saboda waya a nan sai mutum ya hau tudu yana ɗaga ta sama, kuma na san ba ka son hira da abin da ba ka jin numfashinsa kusa. Is'haƙa direba zai kawo muku takardar nan har Sakkwato. Yaya, kai za ka karanta masa, don Allah kada ka tsallake layi kamar yadda ka saba.

Baba, ga abin da na yi wata biyu ina ɓoye maka. Na karɓi aikin gini, kuma ginin ƙasa ne. Na san shekara arba'in ka yi kana kwaɓa ƙasa don in karanta zanen gine-gine in zauna ƙarƙashin fanka, har ka hana ni taɓa tubali ina ƙarama. To ga shi na dawo cikin kwaɓin da ƙafata. Ka saurari dalili kafin ka yi fushi.

Akwai wata likita a nan, Likita Firdausi, mai duba matan da tashin hankali ya koro daga ƙauyuka. Ta ce da yawansu jikinsu lafiya, barci ne ya ƙaurace musu, zuciya kuma ba ta daina bugawa. Ta yi karatu a Indiya, can ta koyi wani irin miƙa jiki da jan numfashi a hankali, su suna ce masa yoga. Ita ta cire abin da bai shafe mu ba, ta bar miƙar da numfashin, mata su zauna shiru da carbinsu suna zikiri. Ta samu fili a bakin fadama, cikin giginyu da ɗorawa, tana son a gina wurin da mace za ta zo ta yi mako guda ta huta. Mutanen gari har sun raɗa masa suna, Gidan Numfashi.

Da farko kwano aka so a sa. Abin da ya canja mana shawara wata mata ce, Kadijatu, daga wani ƙauye ta wajen Gangara. Ita ke ɗebo mana ruwan kwaɓi yanzu. Tun ranar da aka shiga ƙauyensu da bindigogi ba ta iya zama ƙarƙashin kwano idan ruwa ya sauko. Ƙarar ɗigon farko a kan kwano, harbi take ji. Daminar bara a tsakar gida ta yi ta, ruwa yana dukanta, ta fi yarda da jiƙewa. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Da na ji haka na ce wa Likita soro za mu yi, irin naka, wanda ake ruwa mutum yana ciki bai sani ba.

Babu siminti, babu kwano. Ƙasar tubali a filin muke haƙa, ramin kuma zai zama tafkin lambu. Na zana tagogi ƙanana can sama don zafi ya fita. Babban ɗakin zai yi ɗaurin guga, baka biyu su gitta juna a tsakiya. Na yi alkawari ba za mu sare itace mai rai ko ɗaya ba, sai na yi sa'a ambaliyar bara ta kayar da giginyu bakwai a fadamar. Su na sa aka tsaga mana azara. Dole mu rufe kafin ruwan farko.

Shugaban maginana tsohon almajirinka ne, Ɗanmusa. Hannunsa yana da kyau, bakinsa ne sai a hankali. Shekaranjiya ya tsaya ya dubi tarin azarar, ya dubi takardar zanena, ya girgiza kai, a gaban ma'aikata duka ya ce, "Ɗiyar Malam, mace ba ta ɗaukar soro." Baba, na sha jin irin wannan tun ina makaranta, amma daga bakin wanda ya ci tuwon gidanmu ta fi yi mini zafi. Na ce masa wannan macen za ta ɗauka, kuma kada in ƙara jin kalmar nan a wurin aikina. Ya buɗe baki, na juya na bar shi tsaye.

Ina neman albarkarka. Ka gaishe mini da kowa.

Ɗiyarka mai biyayya,
Lubna


Isa, 24 ga Fabrairu

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, ina fatan maganin da aka canja maka yana yi.

Saƙonka ya iso. A kan tudun na tsaya na karanta shi a wayata, layi ɗaya tak daga Yaya: "Baba ya ce Ɗanmusa ya yi gaskiya." Na karanta sau uku ko zai canja. Sai na sauko na shiga bayan tarin tubali na yi kuka, don kada ma'aikata su gani.

Ba za ni ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Da cewa ka yi ginin ƙasa wahala ne, ko ka ce in dawo saboda hanya ba lafiya, da na fahimta. Amma kai ne ka kai ni makaranta a bayan kekenka lokacin da 'yan'uwanka ke maka dariya. Kai ne ka ce wa Inna, Allah ya jiƙanta, kan Lubna ya fi na maza uku. Yanzu kuma ka bi bayan Ɗanmusa. Ban taɓa mayar maka da magana ba, ba kuma za ni fara yau ba. Da aiki za ni amsa.

Bango ya kai kafaɗata. Kowane tubali yana zaune kansa sama, yadda nake hango ka kana jerawa ta ƙofar zaure. Ƙasar muna barinta ta kwana huɗu da ciyawa kafin a taka ta. Na sa mata suna tara mana kwasfar ɗorawa don maƙubar da za mu shafe rufin da ita, ruwa ya riƙa zamewa. Kadijatu ta fi kowa tarawa. Jiya ta shiga tsakiyar ɗakin da ba rufi ta ɗaga kai, ta tambaye ni ko da gaske ba za a ji komai ba. Na ce mata da gaske. Tun da na faɗa mata haka, babu mai sa ni janyewa.

Ɗanmusa yana aikinsa, muna gaisawa, shi ke nan. Sau biyu ya tare ni yana cewa yana da magana a kan azara, na ce ya bi zane kawai.

Azumi ya ƙarato, za mu riƙa farawa da sassafe mu tashi kafin rana ta take. Ko ba ka yarda da ni ba, ka sa ni a addu'a.

Ɗiyarka,
Lubna


Isa, 11 ga Afrilu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da babbar murya, ina yi maka barka da Sallah ko da ta wuce. Yaya zafin Sakkwato? Allah ya ƙara maka lafiya.

Wannan takarda da kunya nake rubuta ta. Baka ya karye.

Ranar Talata ne, mun gama ɗaure bakan gabas, mun fara ɗora masa ƙasa. Da azahar Ɗanmusa ya kori kowa waje, ya ce a tafi salla, har mai son ƙarasa kwandonsa bai bari ba. Muna alwala sai muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ta biyu, sai bakan ya durƙusa. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Bango ma bai tsage ba, domin ashe Ɗanmusa ya kakkafa tokara a ƙarƙashi ba da sanina ba, su suka tare nauyin.

Na tsuguna na ɗauki guntun azarar da ta karye. Bayanta baƙi, mai tauri, cikinta kuwa sako-sako kamar soso. Ɗanmusa ya aika gidansa aka ɗauko masa wata tsohuwar azara, ya miƙo mini ƙusa biyu da guduma. A tawa ƙusar ta shige da bugu biyu. A tasa ta lanƙwashe. Sannan ya ce, "Waɗanga giginyu na san su tun ina yaro, ɗiyansu munka sha. Mata na. Namiji shi ka ɗaukar soro, shi da ba ya haihuwa, ƙarhinai duk cikin jiki yat tsaya."

Baba, giginya yake nufi. Tun ranar farko giginya yake nufi. Na tsaya riƙe da guduma, na rasa inda za ni sa fuskata. Na tambaye shi me ya hana shi fayyace mini, ya ce, "Ke kic ce kada ki ƙara jin kalmar, ni kau ban san wani suna da aka kiran mace da shi ba." Ma'aikata suka juya baya suna tari. Na ba shi haƙuri a gabansu, tun da a gabansu na yanke shi.

Da yamma na hau tudu na kira Yaya. Sai da na matsa masa ya amsa cewa ranar da ya karanta maka takardata ta farko, dariya ka fara yi, sannan ka yi kusan rubu'in sa'a kana bayanin namijin giginya da macenta, yadda ake gane su tsaye da kwance. Shi kuma yana saurin fita, ya dunƙule duka a layi ɗaya. Yaya, karanta wannan wurin da ƙarfi: ni da kai sai na zo. Amma ba za ni ɗora maka laifina ba. Wataƙila ma an faɗa mana a makaranta, ni ce kunnena ya riga ya saba jiran zagi, har da aka zo mini da ilimi na kore shi.

Ka yafe mini zaton da na yi maka. Wata ɗaya da rabi ina jin haushinka a banza.

Yanzu ga inda muke. Azarar mata za ta yi mana rumfar lambu da ƙyauren shinge, ba za a zubar ba. Amma babban ɗaki yana buƙatar namiji busasshe. Akwai maza tsaye a fadama, na kuma yi alkawari ba za ni sare su ba, ko na sare ma ba za su bushe kafin damina ba. An ce ana shigo da azara ta wajen Burkusuma, sai dai masu kawowar sun dakata saboda hanya. Waɗanda suka ba Likita filin sun zo sun ce a sa kwano na ɗan lokaci, baɗi a gyara. Na san ɗan lokacin nan, shi ne ke shekara ashirin. Na ce musu a'a. Kadijatu tana tsaye da tulunta lokacin da suke faɗin haka, sai ta ajiye tulun ta tafi, kuma washegari ba ta zo ba.

Na bi ta har masaukinsu na ce mata ban fasa ba. Ban san inda za ni samo azarar ba, amma ba za a buga kwano a wannan ɗaki ina numfashi ba. Mako bakwai suka rage mini, idan ruwa ya yi mana kara. Ka ba ni shawara, Baba. Wannan karon za ni saurara har ƙarshe.

Ɗiyarka mai neman gafara,
Lubna


Isa, 2 ga Mayu

Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk mutanen gida. Takardarka ta iso hannuna, shafi huɗu cif. Na ga hannun Yaya ya fara karkacewa tun daga shafi na uku, Allah ya ƙara.

Na karanta bayanin ɗaurin baka, na kuma karanta wa Ɗanmusa, yana ta gyaɗa kai kamar kana gabansa. Amma da na kai ƙarshe, inda ka ce in tafi gidanmu na Sabon Birni in sauke soron Inna in kwashe azararsa, sai na ninke takardar. Kwana biyu ban iya komawa kanta ba. Ɗakin da ka gina mata da hannunka kafin a kawo ta, ɗakin da aka haife ni da Yaya, inda ta cika. Ka ce shekara uku ke nan tun da muka kulle gidan, ba mai gyara indararo, damina biyu nan gaba rufin zai faɗa da kansa, gara ya rufe masu rai. Gaskiya ka faɗa, amma ta yi mini nauyi.

Mun tafi ranar Asabar da hantsi, ni da Ɗanmusa da mutum huɗu, a motar ɗaukar gero. Hanya lafiya, mun gode Allah. Kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa sai da aka fasa. Dalbejiyar tsakar gida ta yi girma har ta leƙa makwabta. A cikin ɗakin, ƙusar da Inna ke rataye faifanta tana nan. Na roƙi mutanen su ba ni ɗan lokaci, na zauna a ƙasa na yi mata addu'a, na yi kukana ya ishe ni, sannan na fito na ce su hau.

Baba, shekara talatin da takwas, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Baƙaƙe wuluk da hayaƙin turarenta, masu nauyi kamar ƙarfe. A gindin kowace akwai tsaga biyu da ka yi da gizago. Ɗanmusa ya ce alamarka ce ta azarar da ka gwada ka yarda da ita. Yana shafa tsagar yana share ido, wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Na yi wani abu da ba ka ce ba. Na cika buhu uku da ƙasar rufin na taho da ita, mun zuba cikin sabon kwaɓi. Bangon ɗakin kuma mun lulluɓe kansa da zana don kada ruwa ya cinye, ko Allah zai sa mu koma wata rana.

Bakan gabas ya tashi, na arewa yana rabi. Yanzu idan Ɗanmusa ya yi gyaran murya, ajiye takarda nake in juyo. Ni ma na nuna masa dalilin tagogin sama, ya gwada da hayaƙin kara ya ga yana fita, ya ce ashe boko ma yana da rana. Kadijatu ta dawo, ita ke jiƙa maƙuba. Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas ya tsaya yana kallonmu, sannan iska ta watsa shi. Kowa ya ƙara sauri. Za mu rufe, in Allah ya yarda. Ko da hannuna za ni ƙarasa shafen.

Ɗiyarka,
Lubna


Isa, 19 ga Yuni

Zuwa ga Malam Kalilu Magini, mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta Yaya da yara. An ce ku ma kun samu ruwa, Allah ya sa mai albarka ne.

Mun gama shafen maƙuba kwana tara kafin ruwan farko. Yayyafi biyu aka yi, rufi bai nuna komai ba, amma ban yarda na rubuto maka ba sai an yi na gaske.

Ranar Litinin Likita Firdausi ta karɓi matan farko, su goma sha ɗaya, har da Kadijatu. Ita Kadijatu ta ƙi shiga tsakiya, ta shimfiɗa tabarmarta dab da ƙofa, takalmanta a hannu. Da safe suna miƙa jiki, masu ƙiba suna nishi ana dariya. Bayan la'asar sai zaman shiru, kowa da carbinta, Likita tana ƙirga musu numfashi a hankali.

Ranar Laraba suna cikin wannan zaman hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ina waje da Ɗanmusa muna duba indararo. Sai ɗigon farko ya faɗo. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rumfar kwanon mai gadi can bakin hanya tana ta kururuwa. Na zagaya na leƙa ta ƙofa, jikina sharkaf.

A ciki ba ka jin komai sai muryar Likita da ƙwas-ƙwas ɗin carbi. Na ɗaga kai na bi bakan nan biyu da ido har inda suka haɗu, babu ɗigo, babu tsaga. Sannan na duba gefen ƙofa. Kadijatu ta jingina da bango, carbi ya zame daga hannunta, takalman sun faɗi gefe, bakinta a ɗan buɗe. Barci take, Baba. Likita ta ɗaga mini yatsa kada in yi motsi. Na koma cikin ruwan na tsaya, don a can ba mai gane hawaye.

Fiye da sa'a guda aka yi ana zubawa. Tafkin lambu ya cika rabi. Sai gab da magariba ta farka, ta fito ta ga tsakar gida ya jiƙe, indararo yana ɗiga. Ta tsaya tana dubawa, ta juyo ta ce mini, "Injiniya, yaushe anka yi ruwa?"

Ɗanmusa ne ya amsa mata cewa tun ɗazu aka yi, sannan ya dube ni ya ce in rubuta maka cewa maganarsa tana nan, namiji ne ya ɗauki soro, sai dai mace ce ta ɗora masa. Na ce za ni rubuta, ga shi na rubuta.

Saura ɗakunan kwana guda huɗu, sai bayan damina. Na riga na bi fadama da Ɗanmusa ya koya mini gane namiji tun yana tsaye, mun kuma binne ƙwallon giginya sittin a gefen lambu, don wanda zai gyara rufin nan bayanmu ya samu abin tsagawa.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan hanya ta yi kyau, Yaya ya kawo ka. Na san idon ba zai nuna maka komai ba, shi ya sa a bakin ƙofa, ta hannun dama, na hana a shafe gindin azara guda. Na auna da tsawonka. Idan ka miƙa hannu za ka taɓa tsagarka biyu, a ƙarƙashinsu kuma akwai ta uku, sabuwa, tawa, ba ta kai naka kyau ba. Ka zo ka shafa, ka faɗa mini ko ta yi.

Wassalam. Ɗiyarka,
Lubna Kalilu Magini